Muhawara: Yaya mulkin jama'a ya yi aiki a tsohuwar Atina, kuma a ina ya riƙa tangarɗa?

Malam Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kullum sai a ce dimokuraɗiyya daga Girka ta fito, a tsaya nan kamar an gama magana. Ina so mu buɗe cikinta mu gani. Wa ke zama a majalisa, yaya ake ɗaukarsa, nawa ake biyansa, wa ke bincikensa idan ya sauka. Matsayina tun farko shi ne birnin Atina bai jingina da zaɓe ba. Da ƙuri'ar sa'a ya jingina, da kuma tsananin binciken masu riƙe da muƙami. Mai ja ya ja. A lura, shekarun da za mu ambata, in ban da inda aka ce miladiyya, duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, don haka lissafinsu raguwa yake yi.

Malama Zainab: Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu shiga majalisa bari mu taka ƙasar tukuna, domin ita ta haifi sauran. Kusan kashi 80 cikin 100 na Girka duwatsu ne da tsaunuka, filin noma kuwa 'yan kwaruruka ne a tsakaninsu, sai tsibirai birjik a teku. Shi ya sa a wancan zamani babu wata daula guda mai suna Girka. Birane ne masu cin gashin kansu, sama da dubu, kowanne da dokarsa da kalandarsa, harshe da addini da wasannin Olimfiya ne suka haɗa su. Atina ɗaya ce daga ciki, kuma ƙasarta da ake kira Atika ba ta wuce murabba'in kilomita 2,500 ba.

Atika ƙasa ce busasshiya. Ruwan da take samu a shekara wajen milimita 400 ne, kuma da sanyi yake sauka, bazara ƙurmus. Sha'ir yana jure wannan, alkama kuwa sai ta yi shekara ta ba da kunya. Abin da ƙasar ke so shi ne zaitun da inabi. To zaitun ba a shuka shi bana a ci bana, sai an yi shekaru ana jira, saboda haka mai hali ne ke iya dasa shi, talaka kuwa yana kan sha'ir, shekara ɗaya ta fari ta jefa shi bashi. Daga nan rikicin ya taso. Kuma da birnin ya cika da mutane sai ya zama dole a shigo da hatsi ta teku, musamman daga gaɓar Bahar Aswad. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Dakta Aliyu: Allah ya ƙara sani Malama. Daga bashin nan zan ɗauka. A 594 aka ba wani babban ɗan gari mai suna Solon wuƙa da nama ya sasanta masu hali da talakawa. Ya yafe basussukan da ke kan gonaki, ya hana a ba da bashi a kan jikin mutum, wato ba a ƙara bautar da ɗan gari saboda bashi ba. Sannan ya kasa mutane aji huɗu bisa abin da gonarsu ke bayarwa a shekara: mai awo 500, mai 300, mai 200, da wanda bai kai 200 ba. Awonsu na hatsi wajen lita 52 ne. Manyan muƙamai na masu hali ne, amma na ƙasa ya samu shiga taron jama'a. Wannan bai zama mulkin jama'a ba tukuna, kuma bai hana Fisistaratus da 'ya'yansa kama mulki da ƙarfi daga baya ba.

Ainihin ginin Kilistinis ne ya yi shi a 508, kuma dabararsa ta rarraba ƙasa ce. Ya ɗauki ƙauyuka da unguwanni 139 ya mai da su tushe, a can ake rubuta sunan saurayi idan ya kai 18. Ya raba Atika shiyya uku: birni, bakin teku, da cikin ƙasa. Kowace shiyya ya yanka ta goma, ya zama yanki 30. Sai ya ɗauki yanki ɗaya daga birni, ɗaya daga gaɓa, ɗaya daga cikin ƙasa, ya haɗa su ƙabila guda. Ƙabila goma ke nan, kuma babu wadda jini ya haɗa. Manufar a bayyane take: babban gida da ke da mabiya a kwari ɗaya ba zai iya mallakar ƙabila sukutum ba, domin kashi biyu cikin uku nata mutanen wani wuri ne da ba sa cin tuwonsa.

Kowace ƙabila tana ba da mutum 50 ta ƙuri'ar sa'a, su zama majalisar 500. Sharaɗi shekara 30, wa'adi shekara ɗaya, kuma ba ka wuce sau biyu a rayuwarka. Shekara an kasa ta goma, kowace ƙabila ta riƙe ragamar aiki kwana 35 ko 36, an jefa ƙuri'a don sanin wa ke bin wa, kamar yadda 'yan adashi ke yi don sanin mai ɗaukar farko. A cikin hamsin ɗin nan kullum ana fitar da mutum ɗaya ya riƙe hatimin birni da makullan ma'aji na yini da dare guda, kuma ba zai sake ba har ya mutu.

Nasiru: Dakta, a yi mini afuwa, amma nan ne hankalina ya kasa ɗauka. Idan sa'a ce ke ɗauko mutum, me zai hana ta ɗauko wawa ko ɓarawo? Ai zaɓe ko ba komai yana tace mutane.

Malam Bashir: Tambayar da masu sukar tsarin suka yi tun a lokacin ke nan, Nasiru. Amsar Atinawa ita ce zaɓe yana tace mutane ne zuwa ga mai kuɗi da mai suna da mai baki. Amma ba su saki sa'a haka kawai ba, sun kewaye ta da shinge huɗu.

Na farko, wanda ya miƙa kansa kaɗai ake sa wa a ƙuri'a. Na biyu, kafin ka kama aiki sai an tantance ka a bainar jama'a: waye ubanka da kakanka, wace unguwa, wace ce uwarka, ina kaburburan gidanku, kana kyautata wa iyayenka, ka biya haraji, ka fita yaƙi lokacin da aka kira. Ka kawo shaidu, sannan a tambaya ko akwai mai ƙorafi a kanka. Na uku, muƙami ba na mutum ɗaya ba ne. Yawanci mutum goma ne a kwamiti, ɗaya daga kowace ƙabila, ko da an samu rago tara za su ja aikin. Na huɗu shi ne mafi tsanani. Sau goma a shekara ana tambayar taron jama'a ko masu muƙami na tafiya daidai, wanda aka ɗaga hannu a kansa a dakatar da shi a kai shi kotu. Idan wa'adinka ya ƙare kuma sai ka miƙa lissafin kuɗi ga masu bincike, kuma ba ka da izinin barin ƙasa sai an wanke ka. Wanda aka kama da sata ko cin hanci ninki goma yake biya.

Inda suka san gwaninta dole ce, ba su yi wasa ba. Janar-janar goma zaɓensu ake yi, kuma ana iya maimaita mutum. Ta wannan ƙofa jagoran Atina Ferikilis ya yi shekara 15 a jere, daga 443 zuwa 429. Raunin ke nan kuma: tun da sauran muƙamai kowa na wucewa ne, sai tasiri ya taru a hannun janar da masu iya magana a taro, waɗanda na biyun ba su da muƙamin da za a bincike su a kai.

Hajiya Rabi: Malam Bashir, duk na ji, amma ina ja da kiran wannan mulkin jama'a ba tare da an faɗi su waye jama'ar ba. Masana na ƙiyasta mazauna Atika a tsakiyar ƙarni na 5 da wajen 250,000 zuwa 300,000. Maza baligai 'yan gari masu bakin magana ba su wuce 40,000 zuwa 60,000 ba. Mace ba ta shiga taro, ba ta zama a kotu, ba ta tsayawa ta kare kanta sai ta bakin waliyyinta. Baƙo mazaunin gari, ko an haife shi a can, yana biyan harajin zama dirakma 12 a shekara, yana fita yaƙi, amma ba ya mallakar fili ba ya jefa ƙuri'a. Kuma a 451 Ferikilis da kansa ya ƙara ƙuntata ƙofar: sai wanda uwa da uba duka 'yan Atina ne.

Bayi kuwa su ne ƙashin bayan abin. Dubbai ne ke haƙar azurfa a ramukan Lawriyon, a rarrafe, da fitilar mai. Attajiri Nikiyas shi kaɗai yana da bayi 1,000 da yake ba da haya ga masu haƙa, ana biyansa obol ɗaya, wato ƙaramin kuɗinsu, a kan kowane kai kullum. Da Sipartawa, mutanen birnin Siparta da ke yaƙi da Atina, suka kafa sansani a cikin Atika a 413, bayi sama da 20,000 suka gudu. Wanda ke jin daɗin zama ba ya gudu haka. Ban ce a yar da tsarin ba, amma duk wanda zai yabe shi ya ambaci waɗannan mutane a jimla guda da yabon.

Dakta Aliyu: Gaskiyarki Hajiya, kuma azurfar nan da kika ambata ita ce mahaɗin labarin. A 483 aka ci karo da sabuwar jijiyar azurfa a Lawriyon. Shawara ta farko a raba wa 'yan gari dirakma goma-goma. Wani jagora mai suna Temistokilis ya shawo kan taro a ƙera jiragen yaƙi da kuɗin, wata ruwaya ta ce 100, wata ta ce 200. Shekara uku bayan haka waɗannan jirage suka karya rundunar ruwan Farisa a mashigin Salamis, a 480.

Ku dubi jirgin da kyau. Tsawonsa wajen mita 37, siriri, da hancin tagulla a gaba don huda cikin jirgin abokin gaba. Mutum 200 ke ciki, 170 daga cikinsu matuƙa ne a hawa uku: 62 a sama, 54 a tsakiya, 54 a ƙasa, kowa da filafilinsa guda. Idan mutum ɗaya ya saɓa bugu sai filafilai su sarƙe, don haka horo ake sha na watanni. Su wa ke wannan aiki? Galibi talakawan aji na huɗu na Solon, waɗanda ba su da kuɗin sayen garkuwa da sulke. Daga ranar da tsaron birni ya koma hannunsu, babu mai iya ce musu su yi shiru a taro. A ganina filafili ya ba talakan Atina baki fiye da kowace doka.

Amma jirgin akwai cin kuɗi. Dirakma ɗaya ga kowane mutum a yini, mutum 200, kwana 30, dirakma 6,000 ke nan, wato talanti guda a wata ga jirgi ɗaya. Ba shi da wurin ajiye abinci da ruwa, dole a bi gaɓa a sauka a ci a kwana. Katakonsa mara nauyi ne, idan ya daɗe a ruwa sai ya jiƙe ya yi nauyi, tsutsar teku ta huda shi, dole a riƙa jawo shi tudu ya bushe. A yaƙin Sisili na 415 zuwa 413 abin da ya fara cin rundunar Atina ke nan, ba su samu sararin shanya jiragensu ba.

Wa ke biya? Kashi ɗaya attajiran gari: a ɗora wa mai kuɗi ɗawainiyar jirgi guda na shekara. Idan ya ce wane ya fi shi kuɗi, doka ta ba shi damar ƙalubalantarsa, ko wanen ya karɓi ɗawainiyar, ko su musanya dukiyarsu kakaf, ko kotu ta raba. Kashi na biyu kuwa harajin biranen ƙawance ne. An kafa ƙawancen a 478 don yaƙar Farisa, ma'ajinsa a tsibirin Delos, a 454 aka kwaso shi zuwa Atina, a 447 aka fara ginin Fartenon, babban ɗakin bautar birnin. Mulkin jama'a a gida, danniya a waje.

Malama Zainab: Tun da an zo kan kuɗi, talaka ba zai bar sana'arsa ya zauna a kotu kyauta ba, shi ya sa aka sa lada: obol 2 a zamanin Ferikilis, aka ƙara zuwa 3 wajen 425. Obol shida ne dirakma ɗaya. Bari in zayyana yadda kotun take a ƙarni na 4, domin nan ne aka fi ganin tsoronsu ga cin hanci.

Kowace shekara ana ɗaukar mutum 6,000 masu shekara 30 zuwa sama, su yi rantsuwa. Kowa a ba shi ɗan falle na tagulla ko katako mai sunansa da harafi ɗaya cikin goma. Ranar shari'a da sassafe ka je ƙofar ƙabilarku ka jefa fallenka a akwatin harafinka. Akwai allon dutse mai ramuka jere-jere, sai a soka fallayen a ciki, kowane harafi da layinsa daga sama zuwa ƙasa. A gefen allon akwai bututu mai baki kamar mazurari, a zuba 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe su gauraye, a riƙa sakinsu ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Fari ya fito, sahun da ke kan layi ya samu shiga. Baƙi ya fito, sahun ya koma gida. Wanda ya samu shiga sai ya sake zaro ƙwallo mai harafin kotun da zai zauna, a ba shi sanda mai launin ƙofar kotun don kada ya sulale zuwa wata. Saboda haka ko mai shari'ar bai san wa zai yi masa hukunci ba sai an zauna. Yawan masu hukunci 201 ne ko 401 a ƙarar mutum da mutum, 501 zuwa sama a ta gwamnati.

Lokacin magana da ruwa ake aunawa. Kasko ne mai ƙaramar huda a gindi yana zuba cikin wani. Wanda aka tono a kasuwar Atina yana cin wajen lita shida da rabi, yana ƙarewa cikin minti shida. Idan za a karanta doka ko shaida sai a toshe hudar. Babu lauya, kowa da bakinsa, ko da wani ya saya ya rubuta masa jawabin ya haddace.

Wajen yanke hukunci kowa na riƙe da faifan tagulla biyu masu ɗan sanda a tsakiya, ɗaya mai rami na mai ƙara, ɗaya toshe na wanda ake ƙara. Ka rufe bakin sandan da babban yatsa da manuni, babu mai ganin wanne ne. Wanda ka zaɓa ka jefa a tulun tagulla, ɗayan a na katako. Idan aka yi kunnen doki wanda ake ƙara ya tsira.

Ina matsalar? Babu alƙalin da zai fassara doka, masu hukunci ba sa shawara da juna, babu ɗaukaka ƙara, komai a yini guda. Mai kuka da 'ya'yansa a gaban kotu yana iya fin mai hujja. Sannan tun da kowa na iya shigar da ƙarar gwamnati, sai aka samu masu sana'ar tsoratar da attajirai da ƙara don a ba su na goro. Maganin da aka yi musu shi ne wanda bai samu kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ba ya biya tarar dirakma 1,000.

Nasiru: Na gode Malama. To korar mutum da tsingaro fa, gaskiya ne ko ƙari?

Malam Garba: Gaskiya ne ɗana, tsingarayen ma suna nan an tono dubbai. Sau ɗaya a shekara ake tambayar taro ko ana son yi. Idan an amince sai a kewaye wani sashe na kasuwa da shinge mai ƙofa goma, kowa ya shiga ta ƙofar ƙabilarsa da tsingaron da ya kanƙara sunan wanda yake so ya bar gari. Ana buƙatar 6,000. Wanda sunansa ya fi yawa a ba shi kwana goma ya tattara, ya yi shekara goma a waje. Ba a taɓa dukiyarsa, ba a ce ya yi laifi ba, idan ya dawo ɗan gari ne cikakke. An fara amfani da shi a 487. Amfaninsa shi ne idan manya biyu suka ja daga, a cire ɗaya kafin a kai ga zubar da jini.

Yadda ake maguɗinsa ma ƙasa ta adana mana. A wata rijiya a gefen tudun Akrofolis an samu tsingaro wajen 190 duk da sunan Temistokilis, kuma da aka duba rubutun hannu 14 ne kawai suka rubuta su. Wato an shirya su ne don raba wa mutane. Shi ɗin da ya ceci birnin a Salamis an kore shi wajen 471. Na ƙarshe da aka kora shi ne Haifabolus, wajen 416, lokacin da manya biyun da ake hari, Nikiyas da Alkibiyadis, suka haɗa mabiyansu suka juye a kansa. Daga nan aka daina.

Hajiya Rabi: Ni babban aibin da nake gani ba a kotu yake ba, a taron jama'a yake. Mutum wajen 6,000 a kan tudun Finiks, sau 40 a shekara, mai shela ya tambaya wa ke son magana, a ɗaga hannu, a ƙiyasta da ido, shi ke nan ya zama hukunci. Gaskiya ne ba a kawo batu sai majalisar 500 ta fara duba shi, amma taro na iya juya shi yadda ya so nan take. A ƙarni na 5 babu birki mai ƙarfi.

Misali biyu. A 427 birnin Mitilini ya yi tawaye aka murƙushe shi. Taro cikin fushi ya yanke a kashe duk mazan garin, a bautar da mata da yara, jirgi ya tashi da umarnin. Washegari jiki ya yi sanyi, aka sake zama, aka soke da ƙyar. Jirgi na biyu ya bi na farko da ratar yini da dare, matuƙa na cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da giya suna tuƙi, suna barci bi da bi. Suka isa kwamandan ya gama karanta umarnin farko ke nan. Da iska ta juya musu, da gari guda ya ƙare. Duk da haka an kashe sama da mutum 1,000 da aka ce su ne kan tawayen. A tsibirin Melos kuwa, a 416, babu jirgi na biyu.

Na biyu, yaƙin tsibiran Arginusa a 406. Atina ta ci yaƙin ruwa, amma guguwa ta hana a ceto mutanen jirage wajen 25 da suka nutse. Doka ta ce kowane mutum a yi masa shari'arsa daban. Taro ya ce a haɗa janar takwas a ƙuri'a guda. Waɗanda suka ce wannan ya saɓa doka aka yi musu ihu, aka yi barazanar haɗa su da janar ɗin. Malamin falsafa Sukurat yana cikin hamsin masu riƙe da ragama a lokacin, shi kaɗai ya ƙi yarda. Aka kashe janar shida da suka dawo gida, har da ɗan Ferikilis. Birni yana tsakiyar yaƙi ya yanke hannunsa da kansa.

Malam Bashir: Ban musa ko ɗaya ba Hajiya. Amma a auna da abin da ya maye gurbinsa. Da Siparta ta ci Atina a 404 ta ɗora mutum talatin, cikin watanni takwas suka kashe wajen mutum 1,500. Da jama'a suka ƙwato mulki a 403 sai suka yi yafiya, aka rantse ba za a tono abin da ya wuce ba, in ban da su talatin ɗin da 'yan kaɗan na kusa da su.

Kuma sun sa birkin da kike nema. Aka raba doka ta dindindin da ƙudurin taro, aka ce ƙuduri ba ya hawa kan doka. Sabuwar doka sai an kafa ta a allo a kasuwa kowa ya karanta, sannan a kai ta gaban wani zama na musamman da aka ɗebo daga rantsattsun nan 6,000, a yi mata shari'a, a naɗa masu kare tsohuwar. Tun kafin nan ma wanda ya kawo ƙudurin da ya saɓa doka ana iya kai shi kotu, a dakatar da ƙudurin, idan aka kama shi sau uku ya rasa bakin magana. Aka kuma fara biyan masu halartar taro, daga obol ɗaya har ya kai dirakma. Tsarin da aka gyara ya yi shekara 80 ba juyin mulki. Tabon da ke kansa shi ne shari'ar Sukurat a 399, inda ƙuri'a 30 kacal da sun juya da ya tsira daga kisa. Can ma ƙa'idar kotu ta taka rawa: bayan an kama mutum da laifi kowane ɓangare na faɗin hukuncin da yake so, masu hukunci su ɗauki ɗaya, ba su da ikon tsakaitawa.

Nasiru: Abin da ke ba ni mamaki, malamanmu na zaure sun san Aflatun da Aristotil da Jalinus, suna kiran mutanen Yunanawa. Me ya sa wannan bayani na majalisa da kotu bai zo mana ta hannunsu ba?

Dakta Aliyu: Saboda abin da aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza, a zamanin su Hunainu ɗan Ishaƙ wanda ya rasu a 873 miladiyya, likitanci ne da lissafi da falsafa da manɗiƙ. Manɗiƙin nan ya iso mana har zaure, domin Al-Akhdari, mai Ahalarin da yara ke karantawa, shi ne kuma mai Sullam a manɗiƙ. Tarihin siyasar biranen kuwa ba a ɗauko shi ba. Ibn Rushd da kansa ya ce littafin siyasa na Aristotil bai zo hannunsa ba, shi ya sa ya yi sharhin na Aflatun, kuma Aflatun almajirin Sukurat ne, ba masoyin mulkin jama'a ba. Bayanin allon ƙuri'a da kaskon ruwa da Malama Zainab ta kawo, Turawa ma ba su same shi dalla-dalla ba sai da aka gano wani rubutu na makarantar Aristotil a kan takardar fafirus a Masar, aka buga shi a Landan a 1891 miladiyya.

Malama Zainab: Na ce hatsi zai dawo. Demostinis, wani ɗan siyasar Atina, ya ce daga masarautar Bosforus da ke gaɓar Bahar Aswad kaɗai awo 400,000 ke shigowa a shekara. Doka ta hana mazaunin Atina kai hatsi wata tasha ban da Firayus, tashar jiragen ruwan birnin, kuma kashi biyu cikin uku na abin da aka sauke dole a wuce da shi cikin birni. Dogayen ganuwa na wajen kilomita shida sun haɗa birnin da tashar, don ko an ƙone gonaki a ci daga teku. Duk wannan ya rataya ne a kan siririn mashigin da jiragen hatsi ke bi, wanda ake kira Dadanil a yau. A 405 kwamanda Lisanda na Siparta ya riski jiragen Atina a bakin gaɓa a Egosfotami, matuƙa sun watse neman abinci, ya kame kusan 170 cikin 180, ya toshe mashigin. Yunwa ce ta buɗe ƙofar birnin a 404.

A 322 haka ta sake faruwa. Makidoniyawa suka karya rundunar ruwan Atina kusa da tsibirin Amorgos, shugabansu Antifata ya ajiye sojoji a Firayus, ya ce ɗan gari mai bakin magana sai wanda ya mallaki dirakma 2,000. Mutum wajen 9,000 suka rage a rajista, galibin matuƙan jirage suka fita.